Raino a Gida: Yara Bakwai, Ga Wanki, Ga Takardu, Ni Kaɗai

Tambaya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Allah ya saka miki da alheri bisa wannan fili. Shekara biyu ke nan ina karɓar rainon yara a gidana. Da biyu na fara, yanzu sun kai bakwai: jarirai biyu, ɗaya wata 5, ɗaya wata 9, sai uku da ba su cika shekara 2 ba, da biyu 'yan shekara 3. Ni kaɗai ce a kansu. Ana fara kawo su ƙarfe 7 na safe, na ƙarshe wani lokaci sai 6 ta wuce ake zuwa ɗaukarsa. Anti, na rasa inda zan sa kaina. Ina goge-goge wannan na kuka, ina wanki wancan ya ɓata jikinsa, gida kullum kaca-kaca, har maigida ya fara magana. Ga rubuce-rubuce: wa ya biya, wa bai biya ba, wa ya zo yaushe. Sai dare nake zama in rubuta, barci ya sace ni da biro a hannu. Watan jiya mun yi sa-in-sa da wata uwa kan kwanakin da ɗanta ya zo, ita ta ce 14, ni na san sun fi haka, amma ba ni da abin nunawa. Ina son aikin nan, ba na so in bari. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki, mai raino.

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shekaru ina wannan aiki a falon gidana, don haka na san gajiyar da kike magana a kai, na san barcin nan da biro a hannu. Ki yi haƙuri, zan fara da abin da ba ki tambaya ba.

Yaran sun yi miki yawa. Duk tsarin da zan zana miki, in dai mace ɗaya ce a kan jarirai biyu da ƙanana biyar, kafin rana ta yi tsaka ya rushe. A Ingila, inda aka yi wa wannan sana'a doka, mai raino a gida ba ta riƙe fiye da yara shida 'yan ƙasa da shekara 8 a lokaci guda. A cikin shidan, ƙananan da ba su isa shiga makaranta ba kada su wuce uku, wanda bai cika shekara ba kuwa ɗaya tak, sai da wani dalili kamar tagwaye, kuma 'ya'yan cikinta ma suna cikin lissafin. Kowace ƙasa da tata dokar, ki bincika ta inda kike, amma dalilin ɗaya ne a ko'ina. Ki ƙaddara wuta ta tashi a kicin, Allah ya kiyaye. Hannu biyu gare ki. Kin sunkuci jarirai biyu, wa zai ɗauki ukun nan masu tatata? Ko dai ki nemo mataimakiya, babbar mace mai hankali, ba ƙaramar yarinyar da ita ma ke buƙatar mai kula da ita ba, ko kuma duk yaron da ya tafi kada ki maye gurbinsa har su ragu. Na san kuɗin shiga zai taɓu, amma amanar 'ya'yan mutane kika ɗauka.

Yanzu maganar aikin gida. Bari in ba ki labarin ranar da na daina haɗa shi da raino. Wata safiya na zuba ruwa a bokiti zan goge ƙasa, ruwan ko rabi bai kai ba, sai aka buga ƙofa. Na je na karɓi wani yaro daga hannun babansa, muka gaisa, abin bai fi minti ɗaya ba. Ina juyowa na hangi ƙafafun wata yarinya 'yar wata 13 a sama, kanta a cikin bokitin. Babu kuka, babu wani motsi da kunne zai ji. Na fizgo ta, ta yi tari, ta amayar da ruwa, ta tsala ihu, muka wuce asibiti aka duba ta. Allah ya sa da sauran kwana. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Yaro a wannan shekaru kansa na rinjayar jikinsa, in ya leƙa bokiti ya faɗa da ka, ba shi da ƙarfin ɗagowa, kuma ruwa kaɗan ya ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa 'yan shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda nutsewa a ruwa ta fi hallakawa.

Daga ranar na raba aikin kashi biyu. Akwai tsaftar da raino da kansa ke nema, ita kam dole a yi ta yara na nan: goge wurin da aka canza kunzugu, wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20 bayan kowane canji da kuma kafin ba su abinci, goge inda suka ci, share ƙasa daga duk abin da hannun mai rarrafe zai kai baki, maɓalli ne ko tsabar kuɗi ko ƙaramin batir. Waɗannan duk ana yin su ido na kan yara. Akwai kuma aikin gidanki: wanki, guga, goge ƙasa da ruwa, wanke banɗaki da sinadari, girki mai daɗewa a wuta. Wannan kashi ba shi da wuri tsakanin 7 na safe da 6 na yamma, don kowanne cikinsu ko dai ya ɗauke idonki, ko ya ajiye haɗari a ƙasa. Taura biyu ba ta taunuwa, ƙanwata. Ni da sassafe nake gama girkin yini kafin a kawo yaron farko, ƙasa kuwa sai bayan tafiyar na ƙarshe nake gogewa, wanki da guga na ware musu ranar da babu raino. In kin dafa da wuri, ki tuna kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki. Ko ya shiga firij, ko ya zauna da zafinsa.

Shi kuwa maigida, ki zauna da shi cikin natsuwa, ba lokacin da ya shigo ya yi tuntuɓe da kayan wasa ba. Ki nuna masa cewa awa 11 a rana falon nan wurin aiki ne. Ku ware ɗaki ɗaya da yaran raino ba sa shiga ko kaɗan, ya zauna a kintse. Sau da yawa abin da mai ƙorafi ke nema ke nan, wuri ɗaya da zai shiga ya ji yana gidansa.

Ginshiƙin yininki shi ne barcin rana. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 sun nuna ɗan wata 4 zuwa 11 na buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a cikin awa 24, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 awa 10 zuwa 13, duk har da na rana. Ki tsayar da lokaci ɗaya: su yi wasan guje-guje da hantsi har su gaji, su ci, a wanke hannu, a rage haske, a kwanta. In kin dage kullum a kan lokaci guda, jikinsu zai saba. Jariran ba lallai su bi sahu ba, nasu barcin a rarrabe yake. Ki kwantar da su rigingine a kan katifa mai tauri, babu filo, babu bargo mai laushi, babu 'yar tsana. Tun da aka fara gangamin kwantar da jarirai ta baya a Amurka a 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai a can. Kuma kada ki ce sun yi barci bari in fita shanya. Ki zauna a ɗakin, ki ci abincinki a zaune, ki jawo littafinki. Wayar hannu da talabijin kuwa, na san suna saya wa mai raino minti 30 na shiru, amma ƙa'idojin nan sun ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Takardu, kuskurenki ɗaya ne: kina bari sai dare. Da dare ƙoƙarin tuno abin da ya wuce kike yi, ga gajiya ta cinye rabinsa. Ki sayi littafi mai kauri, ki ɗaure masa biro da zare, ki ajiye shi bakin ƙofa. Duk wanda ya kawo yaro ya rubuta lokaci ya sa hannu, haka wanda ya zo ɗauka. Kafin ya juya ki tambaye shi abu uku: ya ya kwana, an ba shi wani magani kuma ƙarfe nawa, wa zai zo ɗaukarsa. Tambayar maganin ce ta fi muhimmanci. Farasitamol na yara ana barin awa 4 zuwa 6 tsakanin sha da sha, kuma ba ya wuce sau huɗu a awa 24. Uwa ta ba shi ƙarfe 6 da rabi ba ta faɗa ba, ke kin ji jikinsa da zafi ƙarfe 8 kin ƙara masa, kin ga an ninka ba da sanin kowa ba. Kada ki ba ɗan kowa magani sai da izinin iyayensa a rubuce, kuma ki rubuta lokaci da adadin da kika ba shi. In yaro ya zo da ƙujewa ko kumburi, ki nuna wa wanda ya kawo shi, ki rubuta a gabansa. In a hannunki ya faɗi, ki rubuta nan take, ki faɗa wa uwar da bakinki kafin ta gani wajen wanka.

Kowane yaro ya samu takarda ɗaya tasa: ranar haihuwa, lambar waya biyu, abin da jikinsa ba ya so, kwafin katin rigakafi, sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi. Sau ɗaya ake cikewa, a ajiye inda baƙo ba zai karanta ba. Kuɗi kuwa shafinsu daban, duk wanda ya biya ki ba shi rasit a take, ranar ƙarshen mako ki zauna minti 20 lokacin barcin rana ki daidaita lissafi. Sannan ki rubuta yarjejeniya, shafi ɗaya ya isa: lokacin rufewa, abin da za a ƙara in an makara, ko ana biyan ranar da yaro bai zo ba, da cewa mai zazzaɓi ko gudawa ko amai ya zauna gida har ya warke. Ki karanta wa kowace uwa, ta sa hannu, ki ba ta kwafi. Za ki ji nauyin iyayen da kuka daɗe da sabawa, ki ce musu tsari ne na kowa da kowa, kuma lafiyar 'ya'yansu yake karewa.

Ita uwar da kuka samu saɓani, ki karɓi kwana 14 ɗin da ta faɗa, tunda babu rubutu a hannun kowa. Ki kira ta ku daidaita, ki nuna mata sabon littafin, ki ce ita kike so ta fara sa hannu. Bayan wata guda ki sake rubuto mini, ina so in ji yara nawa suka rage a hannunki, ko kin samu mai taimaka miki, da ƙarfe nawa kike kwanciya yanzu.