Amsa kan jirgin Morgan da ya shiga yaƙi

Malam, ka tambaya ko an taɓa mayar da jirgin ruwan shaƙatawa na attajirai jirgin yaƙi har ya taɓuka abin kirki. An yi hakan a 1898, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen, inda rundunar ruwan Amurka ta sayi Corsair, jirgin hamshaƙin mai banki J. P. Morgan, ta girka masa ƙananan igwogi, ta raɗa masa suna Gloucester. Ba shi da sulke ko kaɗan, amma ranar 3 ga Yuli a bakin tashar Santiyago ta Kyuba ya tunkari jiragen Sifen biyu, Furor da Pluton, aka lalata su, ko da yake manyan jirage ma sun yi musu ruwan wuta. Kwamandansa, Richard Wainwright, shi ne mataimakin kyaftin ɗin Maine, jirgin yaƙin Amurka da ya fashe a Habana, babban birnin Kyuba, a watan Fabrairun shekarar.