Zan gina gidan da ba ya cin wutar lantarki: sola zan fara saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Katsina, ina da mata da 'ya'ya biyar. Na mallaki fuloti, na kuma tara naira miliyan 25. Gidan hayar da muke ciki, da bazara ta shigo ba ya kwantuwa, a tsakar gida muke kwana har ruwa ya sauka. Ina so in gina ɗaki uku da falo wanda ba zai riƙa cinye mini albashi a kuɗin wuta da fetur ba. Abokina ya ce in ware miliyan biyar tun yanzu don sola da esi. Haka ne? Kuma da bulon siminti zan yi ko da na jar ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa ka shiga lafiya. Abokinka ya fara ne daga inda ya kamata a ƙare. Sola ko bayan shekara uku da tarewa za ka iya ɗora ta. Amma inda gida ya fuskanta, da tsayin bango, da girman taga, da irin rufi, in an yi su an yi ke nan, gyaransu sai da rushewa. Can kuɗinka za su fara tafiya.

Ga lissafin. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan kusan wat 1,200, fankar sama kuwa wajen wat 75. A Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Esi ɗaya ta kwana tana aiki awa takwas ta sha kusan yunit goma, wato a wancan farashi sama da naira 60,000 a wata, ɗaki ɗaya tak. In da janareta ne kuma, ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Abin da muke nema shi ne gidan da fanka za ta wadatar a mafi yawan shekara.

Na farko ba ya cin ko sisi. Ka sa mai zane ya miƙe gidan daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da manyan tagogi su kalli kudu da arewa. Ranar la'asar ita ce muguwa, domin a kwance take dukan bango, babu inuwar rufin da ke tare ta. Bangon yamma a ba shi banɗaki da sito, kada a sa ɗakin kwana. Ka dasa darbejiya biyu ta wannan ɓangaren tun ranar da aka fara tonon fandisho, nesa kaɗan da gini saboda saiwa.

Sai rufi, wanda nan ne ba na son a yi mini tsumulmula. A gidan ƙasa, wato wanda ba bene ba, ta sama mafi yawan zafi ke shigowa. Yayin nan da ake yi yanzu na baƙin kwano ko ruwan toka mai duhu, kwalliya ce da ake biya da gumi. Ka sayi fari ko mai haske. A shimfiɗa takardar alminiyam mai mayar da zafi a ƙarƙashinsa, a bar sarari tsakaninta da kwanon, in kuɗi sun kai a ɗora abin tare zafi a kan silin. A bar kafofin iska a gefe da gefen rufin, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, don zafin da ya taru tsakanin kwano da silin ya sami hanyar fita. Kafintoci da yawa suna toshe wurin ruf, silin ya koma tanda. Leɓen rufin ya fito ƙafa biyu zuwa uku, kudu da arewa duka, domin a Katsina daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta arewa take bi. Rufin nan da ake ɓoyewa a bayan bango ba ya ba bango inuwa, ga yoyo. Sai dai mai faɗin leɓe yana son ɗauri: a dasa rodi a cikin kankaren saman bango a naɗe katakon da shi, ka san iskar farkon damina. Ka kuma ƙara layi biyu na bulo a tsayin ɗaki, daga ƙafa tara ya haura goma.

Batun bango kuwa, bulon siminti mai rami inci shida da wuri yake ɗaukar zafi ya miƙa ciki. Ƙasa mai kauri tana jinkirta shi, shi ya sa in ka shiga soron kakanni da azahar za ka ji kamar an yayyafa ruwa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen 1830 da ƙasa aka yi shi. A zamanin nan ma, a Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon jar ƙasa da inji ya matse, aka gama a 2018. Irin wannan bulo ake zuba wa siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, kuma in aikin ya yi kyau ba ya bukatar filasta ta waje. Ni shi zan zaɓa, da sharaɗi uku: a gwada ƙasar kafin a buga, fandisho ya zama na kankare da bulon siminti har ya ɗago sama da inda ruwa ke fantsama, kuma a sami maginin da ya taɓa yi, ka je ka ga aikinsa da idonka bayan ya sha damina biyu. In babu ƙwararre ko jar ƙasar na da nisa, tifa za ta cinye ribar. To ka yi da bulon siminti, inci tara a waje, inci shida a ciki, ka shafa farin fenti.

Kada in ɓoye maka: bango mai kauri yana sakin zafinsa da dare, kuma daren Afrilu ba shi da sanyin kirki. Don haka kowane ɗaki ya sami taga biyu a bango daban-daban, a rufe da rana, a buɗe da dare. Tagar gilashi mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, mai buɗewa kamar ƙofa ta fi. Kuma kada ka malale tsakar gida da siminti ko intalok gaba ɗaya.

Kasafin fa? Kafin ka sayi buhu ɗaya, ka biya ƙwararren mai ƙiyasin gini ya rubuta maka adadin siminti, rodi, yashi da katako, ka riƙa lissafi da buhu da tan, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Ka ajiye kashi 15 cikin ɗari gefe, kada ka taɓa. In lissafi ya ƙi, rage faɗin falo, ka jinkirta tayil mai tsada, da adon silin, da ƙawata ƙofar gida. Daga miliyan biyar ɗin nan, ka ba rufi da tagogi abin da suke bukata. A ɓangaren sola, abin da za ka yi yanzu shi ne a binne bututun waya daga rufi zuwa sito, a raba layin fitilu da fanka da firji daga na dutsen guga da hita, a sa ƙwan LED da fanka mai cin wat 30. Ka tare, ka yi bazara ɗaya a ciki kana rubuta abin da kuke kunnawa da awannin da yake yi, sannan ka kai wa mai sola takardar ya auna maka faranti da batir.