Me Sojoji Ke Yi Idan Yaƙi Ya Cije?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya an shafe shekaru a fagen daga na Faransa babu ɓangaren da ya iya ture wani. Shin zaman jira kawai sojojin suke yi kullum? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Ko kaɗan ba zaman jira ba ne. Bayan gumurzun kogin Marne a watan Satumba na 1914, Jamusawa da abokan gabarsu, wato Faransawa da Turawan Ingila, kowa ya haƙa ramuka ya shige, har layin ya miƙe kimanin kilomita 700 daga gaɓar tekun Beljiyam zuwa iyakar Suwizalan, kuma bai gusa sosai ba sai a 1918.

Tun kafin ketowar alfijir kowane soja yake tashi tsaye da bindiga a hannu, domin a lokacin ne aka fi kawo hari, haka kuma za a sake yi da magariba. Da rana babu mai ɗaga kai sama da bakin rami saboda maharban da ke fako, sai goge bindiga da cika buhuna da ƙasa da ɗan runtsawa. Dare ne lokacin aiki na gaske, domin a cikinsa ake gyara waya mai ƙaya, a ɗauko abinci da harsasai daga baya, a yi sintiri a filin da ke tsakanin rundunonin biyu, wani lokaci ma a kutsa ramin abokan gaba a kamo mutum don a san wace runduna ce ke wurin. Bayan 'yan kwanaki sai wasu su karɓe su, su koma baya, inda galibi wani aikin ƙarfin ke jiransu.

Ruwa da laka da sanyi sun kumbura ƙafafun dubban mutane, wasu har sai da aka yanke, ga ƙwarƙwata da ɓeraye. Amma igwa ce ta fi kisa, kuma ba ta hutawa ko a ranar da rahoton hafsoshi ya ce babu wani abin da ya faru. A ganina, wannan zubar jini ta yau da kullum ce aka fi mantawa da ita, domin hankali ya fi karkata ga ranaku irin 1 ga Yuli, 1916, lokacin da aka kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000 a yini guda a gumurzun kogin Somme na Faransa, amma layin bai karye ba.