Yawon yamma a bakin kanal, ku gwada Kadawa

Malam, ka ce kai da abokinka kuna neman inda za ku taka da ƙafa da yamma kusa da Kano. Ni dai Kadawa zan ce, a hanyar Zariya gaba da Kura. Ruwan dam ɗin Tiga ne ke bin kanal yana shayar da gonakin, ga turba a gefensa tana ratsa ƙauyuka. Ku fita bayan la'asar, musamman lokacin sanyi: alkama kore shar, kwandunan tumatir jere a bakin gona, balbela na bin shanu. Ku yi wa manoma sannu da aiki, za ku sha hira. Amma fa kada ku tsoma ƙafa cikin ruwan, akwai tsargiya. Ku juyo kafin magariba, sauron wajen ba ya wasa.