Kafin ka zuba miliyan 3 a takardar kare wuta, ka gwada ta da wuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan lantarki a Sakkwato, kuma yawancin masu sayayya a wurina masu naɗin koyil ne. Ina sayar musu da wayar jan ƙarfe, da banish, da takardar nan da ake shimfiɗawa cikin ramukan inji kafin a zuba waya. Daga Kano ko Legas nake saro takardar, kullum kuɗinta hawa yake yi. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya shekara 8 yana naɗi, ya ce za mu iya yin tamu. Yana tsoma takardar buhun siminti da farin yadi cikin banish, ya shanya a rana. Ya zuba mata ruwa a gabana, ruwan ya zame, ko ɗigo bai shiga ba. Yana so in fitar da naira miliyan 3 mu kama wuri mu sayi kaya, ya ce cikin wata 6 kuɗin zai dawo ninki biyu. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka fitar da kuɗin nan yanzu. Ba don ƙanenka maƙaryaci ne ba, mai yiwuwa ya fi ka yarda da abin da ya nuna maka. Kuskurenka guda ɗaya ne: kana shirin sayar da abin tare wuta, amma da ruwa aka gwada maka shi, kuma ka gamsu saboda hannun ɗan'uwanka ne ya zuba ruwan. Na karanta wasiƙarka sau biyu ina neman lamba ɗaya ta awo, ban samu ba. Bolt nawa takardar ta ɗauka kafin ta huje? Zafi digiri nawa take jurewa? Da wani baƙo ne ya shigo shagonka da wannan takarda, da ka yi masa waɗannan tambayoyin kafin ya gama sallama.

Ruwa yana zamewa a bayan agwagwa ma. Abin da ka gani fatar banish ce a saman takarda, kuma mai naɗi ba ya amfani da takarda yadda ka ba shi ita. Almakashi zai sa ya yanka ta ƙanana, ya lanƙwasa kowace ya tura cikin rami. Duk gefen da almakashi ya bi, zaren ciki ya fito fili, kuma zaren takarda ko na auduga yana jan laima kamar yadda lagwani yake jan kananzir. In banish bai ratsa har tsakiyar zaren ba, ta wannan bakin laima za ta shiga ta kwanta a ƙarƙashin fatar da ta burge ka. Wurin lanƙwasa kuma, in banish ya bushe ya yi tauri, sai ya tsage tsagar da ido ba ya gani, a daidai kusurwar da waya take danne ƙarfe.

Ko kayan masana'anta ba su tsira daga wannan ba. Faiba mai taurin nan da ake yi ta hanyar ratsa takardar auduga cikin sinadarin zink kulorayid, wadda aka yi wa rajista a Ingila tun 1859, ana matse ta a wanke sinadarin na tsawon makonni, wata mai kauri ma watanni, kuma duk da haka tana shan laima in ta zauna a wuri mai danshi. Sai bayan da Leo Baekeland ya fito da bakilait, wata irin roba mai tauri, a 1907 aka samu allon takarda da resin (wani danƙo na masana'anta) mai gagarar laima sosai, shi ma da injin matsi mai ƙarfi da zafi wajen digiri 150 ake haɗa shi. Abin da ya ba masana'antu wahala haka, bokitin banish da ranar Sakkwato ba za su gama shi da yamma ɗaya ba.

Bari in bi maka aikin ƙanenka daki-daki ka ga inda yake yoyo. Takardar buhun siminti tana ɗauke da ƙurar siminti, da tawadar rubutu, da gishiri-gishirin da ba a damu a cire ba tun a masana'anta, domin ba don lantarki aka yi ta ba. Gishiri in ya haɗu da laima hanyar wuta ne. Farin yadin kasuwa kuma akwai sitaci a jikinsa, sitaci yana jan danshi, yana kuma hana banish shiga zare. Dole a dafa yadin a ruwan zafi a fitar da sitacin, a ɗauraye da tataccen ruwa irin na batir, domin ruwan rijiyar burtsatse yana barin nasa gishirin in ya bushe.

Sai busarwa, kuma a nan yawancin masu wannan gwaji suke faɗuwa. Takardar da kake ji ƙamas a hannu tana riƙe da ruwa kamar kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyinta, da damina ma fiye. Rana ba ta fitar da shi duka. Ana sa ta a tanda mai ma'aunin zafi, digiri 105 zuwa 110, ana fitarwa ana aunawa a sikeli har nauyin ya daina raguwa. Kilo ɗaya zai iya zubar da giram 60 ko 80. In aka shafa banish ba a yi haka ba, an kulle ruwan ne a ciki, ranar da inji ya ɗauki zafi ruwan zai zama tururi ya ɗaga fatar ya bar ƙuraje. Daga tanda, tun tana da ɗumi, ake nutsa ta cikin banish a bar ta har kumfa ya daina tasowa, domin kowane kumfa iska ce da ke fita daga cikin zare. Masana'antu da tukunyar zuƙe iska suke yin wannan. A tsane ta, a gasa, a sake tsomawa: shafi biyu ko uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Yawancin banish na gashi suna son digiri 120 zuwa 150 na awoyi, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a takardar bayaninsa. Ka tambayi ƙanenka ko banish ɗin lantarki yake amfani da shi ko na kafinta, ka kuma tambaye shi tina, ruwan sirka banish, nawa yake ƙarawa don ya auku, domin tina in ta yi yawa tana ƙafewa ta bar ƙananan huji. Kuma tururin tina yana kamawa da wuta, don haka gasa wannan kaya a kan gawayi cikin rufaffen shago neman gobara ne.

A ce duk an yi wannan daidai. Me kuka samu? Auduga ko takarda tsura ana lissafa ta a ajin digiri 90, wato iyakar zafin da take jurewa a bakin aiki. In ta sha banish yadda ya kamata ta hau ajin 105. Ledar foliyesta da kake sarowa tana ajin 130, masu haɗin yadudduka wasu suna kai 155, takardar kamfani da ake kira Nomex kuwa ta wuce 200. Injinan lantarki ana ƙera su ne bisa lissafin cewa iskar da ke kewaye da su ba ta wuce digiri 40 ba. Kai ka san Sakkwato a watan Afrilu, ka san yadda rumfar kwano ta mai injin markaɗe take da azahar, ga wuta tana zuwa ba ƙarfi inji yana jan wuta fiye da kima. Ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce, duk digiri 10 da aka ɗora a kan ajin takarda, rayuwarta ta ragu da rabi. Wato mafi kyawun abin da za ku iya fitarwa shi ne mafi rauni a kan kantarka, a ɗaya daga cikin garuruwa mafiya zafi a ƙasar nan.

Irin wannan ciniki hanyarsa ɗaya ce, kuma an sha gani. Ana fara sayarwa da hunturu, iska a bushe, kowa yana yabo. Mai naɗi ya sa takardar a injin walda, da fanka, da famfon ruwa, duk suna tashi lafiya. Bazara ta gasa ta, ta yi ƙamas. Agusta ya zo da laima, sai injinan su fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, da warin ƙuna, koyil ya yi baƙi a bakin rami. Mai inji ya kama mai naɗi, mai naɗi ya kwaso ƙonanniyar waya ya zube maka a bakin shago a gaban mutane. Masu naɗi kuma duk sun san juna. Ranar ba takarda kaɗai za su daina saya a wurinka ba, har wayar da banish ɗin da kake ci da su yau. Wannan ma mai sauƙi ne. In wuta ta sauka a jikin famfo, yaro ya taɓa da jiƙaƙƙen hannu, ba maganar kuɗi ake yi ba kuma.

Lissafin ninki biyu cikin wata 6 kuwa, ka ajiye shi gefe. Ka duba littafinka: a aikin naɗi, jan ƙarfe ne yake cin kuɗi, takarda ɗan abu ce. Mu ɗauka aikin naira 60,000 ne, takardar ciki ta 2,000. Ko ka karya farashi da rabi, naira 1,000 ka rage wa mai naɗi, shi kuma ya sa 60,000 da sunansa a caca. Ƙwararren mai naɗi ba zai yi wannan ba, araha ba ta ado. Wanda zai saya shi ne mai aikin a-tashi-a-tafi, kuma shi ne zai fara ɗora maka laifi.

Ga abin da zan so ka yi. Ka ware kuɗin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na miliyan ukun ba, ka ɗauka na makaranta ne. Ƙanenka ya yi samfur 20 ta hanyar da na bayyana, kowane da lambarsa a littafi: wace takarda, wane banish, tina nawa, zafi nawa, awa nawa. Ku yanka su yadda mai naɗi yake yankawa, ku ninke, ku auna nauyi, ku jiƙa a ruwa awa 24, ku goge ku sake aunawa, tare da guntun takardar da kake sarowa don kwatanci. Ku sa Megger, na'urar auna yoyon wutar lantarki, mai bolt 500 kafin jiƙawa da bayanta. Amma Megger yoyo kawai yake nunawa, ba ya gaya maka inda takarda za ta huje. Sabon naɗi ana gwada shi da ninki biyu na bolt ɗin injin a ƙara 1,000, na minti ɗaya: injin 415 ke nan bolt 1,830. Wannan gwaji yana kisa, kada ku haɗa na'urarsa da kanku. Ku je sashen injiniyan lantarki na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, ku nemi wanda zai yi muku ko ya nuna muku inda ake yi, ya ba ku sakamako a rubuce. Rabin samfurin ku bar shi a tanda digiri 130 na mako biyu, sannan ku ninke ku sake gwadawa. Wanda ya tsira, ku naɗa injinanku na gida da shi, su ga bazara ɗaya da damina ɗaya kafin naira ɗaya ta kwastoma ta shigo.

Tandar da Megger ɗin ba za su zama asara ba ko takardar ta faɗi. Masu naɗi da yawa a rana suke shanya koyil bayan banish, ko su kunna masa ƙwan fitila. Ka buɗe musu wurin gasa koyil da awo a kan kuɗi, ka riƙa yanka musu takardar kamfani daidai girman ramukan injinan da suka fi yawa a gari. Ƙanenka ya riƙe wannan ɓangare, da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu biyu: nawa ka sa, nawa ne rabonsa, wa zai biya in aiki ya dawo. Ka gaya masa miliyan ukun tana nan, takardar sakamakon gwaji ce za ta fito da ita. In kun samu lambobin, ka aiko mini da su mu duba tare.