Ya kawo mini magani har gida amma "ƙanwata" yake ce mini

Tambaya: Malama, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai ɗan ajinmu da muke mutunci shekara 2. Watan jiya zazzaɓi ya kayar da ni, ya taso tun daga Dundaye cikin zafin ranar nan ya kawo mini magani da takardun karatu har gidanmu a Mabera. Da Sallah kuma ya aiko da turare. Amma har yau "ƙanwata" yake ce mini. Barci ya ƙaurace mini. Ƙawata ta ce akwai malamin da zai yi mini istihara ya gano abin da ke ransa. In je?

Amsa: 'Yata, kada ki je.

Magani da takardu halin kirki ne, wanda ya tashi gidan tarbiyya zai yi wa kowa. Turaren ya ɗan fi nauyi, don ya yi kama da toshi. Shi kuwa "ƙanwata" baki biyu gare shi: wasu samarin bayansa suke fakewa saboda kunya, wani kuma katanga ce ya gina. Ki lura, haka yake yi wa sauran 'yan ajin? Ya taɓa tambayar wane ne babba a gidanku, ko akwai wanda ke zuwa zance wurinki? A ƙasar nan mai nufin aure ta nan yake ɓullowa.

Maganar malamin nan ce ta tsaya mini a rai, don kullum sai an kawo mini irinta. Istihara ba leƙen zuciyar wani ba ce. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da ke cikin Bukhari a fili yake: raka'a 2 na nafila, sannan addu'ar neman zaɓin Allah, kuma mai buƙatar shi ke yi da kansa. Babu mafarkin farin doki a ciki, babu sunan uwar yaro, babu kuɗin turaren wuta. Wanda ya karɓi sunan saurayi da na mahaifiyarsa ya ce ki dawo jibi, duba yake yi, an dai naɗa masa rawani. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa dare 40. Abin takaici, a garin Shehu ake wannan ciniki, shi da ya yaƙi bugun ƙasa a rubuce-rubucensa.

Kuma na san yadda take ƙarewa. Ɗan duba ba ya taɓa cewa "ba ya sonki", don in ya faɗa ciniki ya mutu. Cewa zai yi yana sonki amma wata ta shiga tsakani, sai an karya. Yau kuɗin zakara, gobe na rago, jibi rubutun da za ki zuba masa a fura. Na ga yarinyar da kuɗin rajistarta suka tafi haka, yaron kuwa bai ma san ana yi ba. Wasu kuma ba kuɗi kaɗai ake raba su da shi a ɗakunan nan ba.

Nana Khadija da ta ga halin Annabi (SAW) ya kwanta mata, aminiyarta Nafisa ta aika ta ji ta bakinsa. Ki samu yayanki ko wata babba mai riƙe sirri, ba ƙawar nan ba, ta tambaye shi cikin hikima. In ya ce da gaske yake, ya turo magabatansa. In ya kama kame-kame, ki daina karɓar turaren, ku tsaya a gaisuwa.