An jefa 'yata ajin C saboda lissafi: shin makarantar kimiyya ta kufce mata ke nan?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. 'Yata tana aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Farkon zangon nan aka yi musu gwaji, aka raba su aji uku, A da B da C. Ita ta faɗa C saboda maki 38 ta samu a lissafi. Ba ta yi aji shida na firamare ba, daga aji biyar aka wuce da ita. Burinta ta zama likita, mu ma muna so ta shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata. Mahaifinta ya ce mu je mu roƙi shugaban makarantar ya mayar da ita ajin A, ni kuma ina tunanin a canza mata makaranta. Wanne ya fi?

Wata uwa daga Gwammaja

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya cika mata burinta. Ki kwantar da hankalinki, makarantar kimiyya ba ta kufce mata ba. Sai dai cikin shawarwarin nan biyu babu wadda zan ba ki a yanzu, kuma ga dalili.

A ƙaramar sakandare ta Najeriya manhajar lissafi guda ɗaya ce. Hukumar NERDC, mai tsara manhajar karatu ta ƙasa, ita ce ke tsara ta, kuma ita ake bi a makarantar gwamnati da ta kuɗi, a ajin A da ajin C. Babu lissafin masu ƙoƙari daban, na masu rauni daban. Raba yara zuwa A, B da C tsarin cikin gida ne na makarantar, ba ya hawa kan takardar shaidar kammalawa. Wurin da hanya take rabuwa da gaske shi ne ƙarshen aji uku. A nan ne za ta rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, wadda sashen KERD na ma'aikatar ilimi ke shiryawa a jihar Kano, wasu makarantun kuma ta NECO suke yi. A nan ne kuma Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta jiha take yin nata gwajin don ɗaukar ɗalibai zuwa makarantu irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, waɗanda aka buɗe tun 1977, da ta 'yan mata da ke Garko. Mai duba takardar 'yarki a ranar ba zai san ko daga wane aji ta fito ba, abin da ta rubuta kawai zai gani. Ke nan kina da sauran wannan shekarar da mafi yawan mai zuwa, kuma lokaci ne mai yawa in an san inda za a sa shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki shi ne aji shidan da ba ta yi ba. Wannan al'ada ta yi yawa a makarantun kuɗi na garin nan: yaro ya kai aji biyar, wani lokaci ma aji huɗu, sai a ce ai yana da ƙoƙari, a yi masa rajistar jarrabawar shiga sakandare. Iyaye su ji daɗi, makaranta ta samu abin talla. Tsarin ilimin bai-ɗaya da dokar 2004 ta tanada shekara tara ce a jere, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma manhajar aji ɗaya na sakandare an gina ta ne bisa zaton yaro ya yi shidan nan cif. A wasu darussan tsallaken ba ya nunawa, yarinya mai kaifin hadda za ta rufe giɓin da kanta. Lissafi kuwa gini ne, bulo kan bulo. A ƙarshen firamare ne ake daddale lissafin ɓangarori, wato rabi da sulusi da rubu'i da 'yan uwansu, da kashi cikin ɗari, da rabon kaso tsakanin mutane. A aji biyu na sakandare kuma ga lambobin ƙasa da sifili, ga kuɗin ruwa, ga aljabara, ga ƙa'idar Fisagoras ta auna gefen alwatika, dukkansu a kan wancan harsashi suke zaune. A aji uku za a ɗora ikweshan biyu da ake warwarewa tare, da lissafin kusurwoyin alwatika. Shi ya sa sau da yawa yarinyar da ta lallaɓa ta wuce aji ɗaya lafiya, sai a aji biyu abin ya fito fili. Ina kyautata zaton abin da ya samu 'yarki ke nan, ba ƙarancin basira ba.

Maki 38 bai gaya mana komai ba tukuna sai mun ga takardar. Ki je makarantar, amma maimakon roƙon canjin aji, ki nemi malamin lissafin ya nuna miki takardar amsarta, haƙƙinki ne. Ki duba inda makin ya zube. Sannan a gida, bayan la'asar, ba tare da faɗa ko bulala a kusa ba, ki ba ta tambayoyi kaɗan.

Ki fara da wannan: rabi a haɗa da sulusi, 1/2 + 1/3. Na sha ganin yara sun rubuta 2/5, sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. In ta rubuta haka, kada ki ce mata ta faɗi. Ki ɗauko gurasa ɗaya ki yanka ta gida shida daidai. Ki ce ta ware rabi, za ta ware yanka uku. Ki ce ta ware sulusi, za ta ware biyu. Ta ƙirga: biyar cikin shida. Sai ki tambaye ta, wanda yake da rabin gurasa aka ƙara masa, ta yaya zai koma da biyu cikin biyar, abin da bai ma kai rabin ba? Ki yi shiru ki bar ta ta yi tunani. Na ga fuskar yara tana sauyawa a daidai wannan gaɓar, domin a ranar suke gane cewa lambar da ke ƙasan layi girman yankan take faɗa.

Sai ki gwada ta da 3 − 5. In ta ce ba zai yiwu ba, ki tuna mata da mai shagon unguwa: tana da naira 300, ta karɓi kayan naira 500, me ya rage? Za ta ce ana bin ta 200. To wannan bashin shi ne lambar ƙasa da sifili. Daga nan ki ce atamfar naira 2,000 an yi ragin kashi 15 cikin ɗari, nawa za a biya? Amsa 1,700. Na ƙarshe, an sayi littafi biyu iri ɗaya da biron naira 300, an biya 1,100, nawa ne littafi ɗaya? In ta ce 400 da ka, ki rubuta mata 2x + 300 = 1,100 ki ce abin da ta gama warwarewa ke nan, x ɗin shi ne kuɗin littafi ɗaya.

Akwai wani abu da nake so ki lura da shi sosai. Ki yi mata tambayar da Hausa, sannan ki ba ta irinta a rubuce da Turanci daga littafinta. In ta amsa ta Hausar ta kasa ta Turancin, to matsalarta rabi ta harshe ce. Wannan ya zama ruwan dare a azuzuwanmu. Na koyar a wata makaranta inda wata yarinya take taya mahaifiyarta sayar da awara, tana ba da canjin mutum uku a lokaci guda ba ta kuskure ko sisi, amma a takarda tambayoyin da ke zuwa cikin labari duk ta bar su fari fat, don ba ta san kalmar da ke nufin a ninka ko a ɗebe ba. Irin wannan yarinyar, in an zauna da ita an tattara kalmomin nan an fassara mata su ɗaya bayan ɗaya, makinta yakan tashi cikin zango guda. Haka nan ki tabbatar ta haddace jadawalin sau har zuwa sha biyu, domin wadda take ƙirga 7 sau 8 da yatsu lokacin jarrabawa zai ƙare mata kafin ta kai rabin takarda.

Yanzu maganar mahaifinta. In aka roƙa aka mayar da ita A, abin da zai canza shi ne saurin tafiya. Malami a ajin A yana ɗauka cewa kowa ya iya ɓangarori, ba zai koma baya ba, ita kuma kunya za ta hana ta ɗaga hannu a gaban waɗanda suka iya. Za ta koyi kwafar aikin gida da yin shiru. Ban ce ajin C alheri ne kai tsaye ba. Ina da ƙorafi babba a kan yadda wasu makarantu suke yi: a raba yara da gwaji ɗaya na rana ɗaya, a ba ajin A gogaggen malami, a bar C da wanda aka samu, kuma a rufe ƙofa har a gama aji uku. Wannan zalunci ne ga yara, kuma yana sa yarinya 'yar shekara sha biyu ta yanke wa kanta hukuncin cewa ita ba ta lissafi ba ce. Don haka in kun je wurin shugaban makarantar, ga abin da za ku tambaya. Malami ɗaya ne yake koyar da A da C? Ajin C zai gama manhajar shekarar kamar sauran? Yaushe za a sake gwaji, kuma wanda ya ci zai koma sama? In amsoshin sun gamsar, ku bar ta inda take. In kuwa kun fahimci ajin C wurin ajiye yara ne kawai, to a lokacin maganar canza makaranta ta taso, kuma a ƙarshen shekara, ba a tsakiyar zango ba. Kafin ku kai ta sabuwar, ku yi musu waɗannan tambayoyin, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Game da lesin, in za ku ɗauko malami, ku gaya masa a fili cewa ba aikin gida kuka kira shi ya yi mata ba. Ya samo littafin lissafi na aji biyar da na aji shida na firamare, ya bi su da ita babi-babi. Yarinya za ta ji nauyi a gan ta da littafin firamare, don haka a yi a gida, kuma kada ƙannenta su mayar da abin tsokana. Minti talatin kullum, tsakanin dawowa daga boko da tafiya islamiyya ko bayan magariba, ya fi awa uku ranar Asabar. Ta riƙa rubuta kowane mataki, ko da ta san amsar da ka, domin a jarrabawar rubutu ana ba da maki a kan hanyar da aka bi.

Tunda likitanci take so, ki sani cewa a JAMB darussanta su ne Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, babu lissafi a ciki. Kada wannan ya ruɗe ku. Jami'a, ko Bayero ce ko wata, za ta nemi kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, kuma Fiziks da Kemistiri na babbar sakandare cike suke da juya ikweshan da lissafin kaso. Wanda ya shiga ajin kimiyya da raunin aljabara, a Fiziks yake fara jin jiki tun zangon farko. Ko da ba ta samu gurbi a makarantun hukumar kimiyya ba, akwai ajin kimiyya a sauran manyan sakandare, kuma daga nan ma ana zuwa likitanci.

Ki yi mata gwajin gurasar a makon nan, ki karɓo takardar jarrabawar daga malaminta. In kin sake rubuto mini, ki turo da amsoshin da ta bayar yadda ta rubuta su, har da inda ta soke, zan gaya miki babin da ya kamata malamin lesin ya fara da shi.